Amsa kan shirin The Man from U.N.C.L.E.: daga wane zango ya kamata a fara?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko tsohon shirin leƙen asirin nan, The Man from U.N.C.L.E., ya cancanci a zauna a kalle shi a yau, kuma idan ya cancanta, daga ina za ka fara. Na daɗe ina kallonsa, wasu sassan ma na maimaita su tare da yarana, saboda haka ga abin da na gani.

Shawarata ita ce ka fara da zango na farko, kada hotonsa na baƙi da fari ya sa ka tsallake shi. Tashar NBC ta Amurka ce ta fara nuna shirin a watan Satumba na 1964, ya tsaya a Janairun 1968 bayan kashi 105 a zango huɗu, kuma a ganina mafi yawan alherinsa yana cikin zango biyun farko. Robert Vaughn ne ya fito a matsayin Napoleon Solo, Ba'amurke mai iya ado da daɗin baki, David McCallum kuma ya fito a matsayin Illya Kuryakin, ɗan Rasha mai ƙarancin magana, wanda da farko ƙaramin matsayi aka ba shi, sai farin jininsa wajen masu kallo ya sa aka daidaita shi da Solo. Ka tuna cewa shekara biyu kacal ke nan bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, lokacin da yaƙin cacar baka yake da zafi, amma aka nuna wa Amurkawa ɗan ƙasarsu da ɗan Tarayyar Sobiyet suna aiki a ƙungiyar leƙen asiri ɗaya mai suna U.N.C.L.E., ƙarƙashin dattijon Bature Alexander Waverly, suna yaƙar gungun miyagu mai suna THRUSH.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne dabarar da marubutan suka bi ta jawo wani mutum na yau da kullum cikin kusan kowane labari. A kashi na farko ma matar aure ce aka ɗauko daga gidanta, aka yi mata shigar manyan mata domin ta kusanci wani attajiri da ta sani tun suna makaranta. Ta idon irin waɗannan mutane mai kallo yake ganin haɗarin, kuma daga ruɗewarsu barkwancin yake fitowa, ba tare da an mai da jaruman wawaye ba. Yarana sun fi son ƙofar hedikwatar U.N.C.L.E. da ke birnin New York, wadda ake shiga ta shagon tela, a wuce ɗakin gwada kaya, a murɗa maratayin riga bango ya buɗe, da kuma na'urar sadarwar da daga baya aka mai da ita siffar alƙalami. Ni kuwa natsuwar da Solo da Kuryakin suke zolayar juna da ita, alhali suna ɗaure a hannun abokan gaba, ita ce take mayar da ni.

Barkwanci a irin wannan shiri kamar gishiri ne a miya, kuma a zango na uku hannu ya zarce. Ganin yadda shirin Batman ya karɓu a 1966, masu shiryawa suka karkata ga wasan yara, har aka kai ga nuna Solo yana rawa da goggon biri. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, domin da zarar mai kallo ya daina jin tsoron miyagun, dariyar ma ba ta da armashi. Masu kallo suka ragu, aka yi ƙoƙarin dawo da tsanani a zango na huɗu, amma aka dakatar da shirin bayan kashi 16 kawai na wannan zangon.

Don haka ka kalli na farko da na biyu a jere, ka tsallaka zuwa na huɗu, sannan ka leƙa na uku idan kana da sha'awa. Sai dai ka yi haƙuri da abu ɗaya: ƙasashen waje da ake cewa an je, mafi yawansu a harabar kamfanin fina-finai na MGM da ke Kalifoniya aka ɗauke su, kuma za ka riƙa gane titi ɗaya yana dawowa da sunan gari dabam.