Kawuna zai saya mini sabuwar kwamfuta saboda shirina ya ƙi aiki a Windows

Tambaya daga wani ɗalibi a Marwa: Malam, na rubuta wa kawuna ɗan shirin lissafin kanti da harshen C a kan Linux, da GCC. Da na kai shi kwamfutar kanti mai Windows na ɗora a Visual Studio, kurakurai suka cika allo. Wani mai gyara ya ce kwamfutar ce ta tsufa, kawu kuma ya shirya fitar da jakunkuna ya sayi wata. Mu saya?

Amsa: Ƙanena, ka je ka ce wa kawu ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ko sabuwa fil kuka sayo, kurakuran nan za su biyo ku, domin ba daga na'urar suke ba.

Kafin kompaila, wato manhajar da ke juya shirinka zuwa harshen na'ura (irin GCC, ko na Microsoft da ke cikin Visual Studio), ya karanta shirinka, akwai wanda ke riga shi, ni ina ce masa mai share fage. Shi ke bin duk layin da ya fara da #, ya kwaso fayilolin da ka kira da #include, ya musanya kalmomin da aka ayyana da #define. Bai san ma'anar komai ba, musanya kawai ya iya. Na GCC da na Microsoft kuwa halinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da na fi zargi shi ne max da min. Fayil ɗin windows.h, da ma stdlib.h na Microsoft a harshen C, sun riga sun ayyana su a matsayin makro, wato kalmomin da aka ayyana da #define. Idan kai ma ka rubuta naka aikin, int max(int a, int b), mai share fage zai afka masa ya mayar da shi int (((int a) > (int b)) ? (int a) : (int b)). Dubi wannan layin da kyau. Kompaila na ganinsa zai rikice, kuskure ɗaya ya haifi hamsin. In daga windows.h ne, maganin layi ɗaya ne: ka rubuta #define NOMINMAX a sama da inda ka kira shi; in kuwa daga stdlib.h ne, ka canza wa aikinka suna.

Na biyu, idan kana da makro mai karɓar abubuwa barkatai ta hanyar __VA_ARGS__, tsohon mai share fagen Microsoft yakan dunƙule su wuri ɗaya in ka miƙa su ga wani makro, abu uku ya zama ɗaya. Daga Visual Studio 2019, sigar 16.5, akwai zaɓin /Zc:preprocessor da ke sa shi ya bi ƙa'ida. Kunna shi.

Amma kada ka tsaya ga zatona. Ka ba da umarnin cl /P a Windows, da gcc -E a Linux, kowanne zai fito maka da shirin bayan an gama musanye-musanyen. Ka jera su, ka nemo layin kuskure na farko, na farkon kaɗai. Na sha ganin ɗalibai sun kwana suna fama da kuskure na arba'in, alhali na ɗaya ne uwar sauran, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Wani abu kuma, tunda lissafin kuɗi ne: nau'in lambar da ake kira long a Linux mai bit 64 bayit 8 ne, a Windows bayit 4, iyakarsa 2,147,483,647. Wannan ba zai nuna maka kuskure ba, jimilla ce kawai za ta lalace shiru in cinikin shekaru ya taru. Yi amfani da int64_t na cikin stdint.h. Inda dole tsarin biyu su rabu, ka kewaye da #ifdef _WIN32, wanda ke aiki ko Windows ɗin mai bit 64 ne, ka kuma tara irin waɗannan a fayil guda.

In kuwa kawu zai kashe kuɗi, batir mai kyau da na'urar riƙe wuta sun fi amfanar kanti a garin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar ciniki.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Garwa: Sai na biya kuɗin Visual Studio kafin in harhaɗa shirina a Windows?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Sigar Community kyauta ce ga ɗalibi da mai aikin kansa, sai dai nauyinta zai cinye miki data. In da GCC kika saba, ki sauke MSYS2 ki ɗora MinGW-w64 ta cikinsa. GCC ɗin ne dai a kan Windows, kyauta, kuma ya fi sauƙin saukewa.