Wace firinta ce ta dace da ƙaramin ofis a karkara?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Ringim. Muna son ƙaramar firinta mai leza, mai baƙin rubutu kaɗai, wadda za mu riƙa tura mata takardu daga waya. Wuta ba kullum ake kawo mana ba, sola muke dogaro da ita. Wacce za mu saya?

Amsa: Malam, zaɓin mai leza daidai ne. Mai tawadar ruwa idan ta kwana biyu ba aiki, zafi da ƙurar hunturu kan busar mata da kai. Ita kuwa wannan garin tona take ci, gari kuma ba ya bushewa.

Amma tun kafin ka shiga mota zuwa Kano, duba ƙarfin solarku. A cikin firintar akwai abin da ke gasa garin ya manne a takarda, shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Tana bugawa takan ja wat 300 zuwa 400, lokacin tashi kuma ta ja fiye da haka nesa ba kusa ba. Ƙaramar inbata ta fanka da cajin waya ɗauke wuta za ta yi. Ni ba na ba da shawarar inbatar da ƙarfinta ya gaza kVA 1.5. Sannan ka juya bayan firintar ka karanta volt ɗin da aka rubuta da idonka. Namu lantarkin volt 220 zuwa 240 ne, wasu na hannu kuwa daga Amurka aka kawo su, 110 ne, kana jona su sai hayaƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne tona, don a nan kuɗin yake tafiya. Da ni ne, Canon LBP6030w zan ɗauka, ko HP P1102w. Katirijinsu, wato mazubin da garin tona ke ciki, kan buga shafi kusan 1,600, kuma da wuya ka rasa mai sayarwa ko mai cika shi a titin Beirut da ke Kano. Brother HL-L2350DW ta fi su gudu, tana buga gaba da baya da kanta, sai dai ka fara tabbatar da inda za ka riƙa samun tonarta. Katirijin da ke zuwa da firinta cikin kwali ba cikakke ba ne, ka haɗa da na ajiya.

Batun waya kuwa, kada ka biya sai mai shago ya buga maka takarda ɗaya daga taka wayar, a gabanka, ba tare da rawutar shagonsa, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ba. In kun kai ta ofis, ku riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce.