Na bar haɗa wasannin kwamfuta na koma inshora, amma raina na can baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida na yi ina rubuta manhaja a wani kamfanin wasannin kwamfuta a nan Ingila. Bara aka soke wasan da muke haɗawa, aka sallami rabinmu, har da ni. Allah ya rufa asiri na samu aiki a kamfanin inshora. Albashi ya fi na da, ana tashi ƙarfe biyar, ga fansho. Amma wallahi aikin ba ya shiga raina ko kaɗan. Yanzu wani ƙaramin kamfanin wasa ya neme ni, sai dai albashinsu bai kai kashi biyu cikin uku na wanda nake ɗauka ba. Ina da mata da 'ya ɗaya, ga iyaye a gida da nake aika wa. In koma, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina kada ka koma yanzu, kada kuma ka haƙura da yin wasa.

Ka riga ka ɗanɗana halin wannan sana'a, amma bari in tuna maka girman abin. A Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninta, wata uku bayan ta gama sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Cikin watan nan Unity ta rage 1,800, Riot Games 530. Da Fabrairu ya kama Sony ta bi sahu da 900. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tango Gameworks na Tokyo. Sun fitar da Hi-Fi Rush a 2023, ya sha yabo, ya ci lambobi, amma a Mayun 2024 aka sanar da rufe su, sai daga baya kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya ɗauke su. Ka ga iya aiki bai hana kora ba.

Dalilin a fili yake. Lokacin korona mutane na kulle a gida suna wasa, kamfanoni suka yi ta ɗiban ma'aikata kamar haka za a dawwama. Da aka buɗe gari, kuɗin ruwan bankuna kuma ya hau, masu zuba jari suka ja baya. Shi kuwa wasa, sai ya ci kuɗi shekara uku ko biyar kafin ya dawo da ko kwabo. Inshora ba haka take ba, kowane wata kuɗi na shigowa.

Saboda haka kafin ka ba wa masu kiran naka amsa, ka tambaye su kai tsaye, kuɗin albashin wata nawa ya rage musu a asusu, kuma wa ke ɗaukar nauyin wasan. In wani babban kamfani ne ke biyansu zango-zango, duk lokacin da suka kai wani mataki, to ranar da ya ce bai gamsu ba famfo ya ƙafe. In suka fara kame-kame, ka samu amsarka. In kuma takardar zamanka a Ingila a hannun mai ɗaukar aiki take, ka tuna wanda aka sallama yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya tattara. Mai iyali ba ya sakin reshe ya kama ganye.

Yanzu ga abin da na fi so ka zauna ka yi tunani a kai. Me kake kewa takamaimai? Ni ma na yi wannan aikin. Akwai lokacin da na shafe wata huɗu a kan ƙofofi kawai: yadda ƙofa za ta buɗe in ɗan wasa ya zo da gudu, me zai faru in abokin gaba na tsaye a bayanta, yadda ba za ta ratsa bango ba. Ina komawa gida sha ɗaya na dare, yara sun yi barci, tuwo ya huce. Rana ɗaya aka kira mu taro aka ce an cire wannan sashen gaba ɗaya. Ba wanda ya tambayi ra'ayina, kuma ba hurumina ba ne dama. Da na bar wurin na yi ta kewa, sai daga baya na gane ba ofishin nake kewa ba. Abin da nake nema shi ne in ƙirƙiri abu, in miƙa wa wani, in tsaya a bayansa ina kallon yadda yake lanƙwasa jiki yana ƙoƙarin tsallake rami. Wannan kuwa babban kamfani bai cika ba mutum shi ba, kuma ba sai da kamfani ake samunsa ba.

Mutane na son ba da labarin Eric Barone, wanda ya yi Stardew Valley shi kaɗai cikin shekara huɗu da rabi, ya fito a 2016. Abin da ake tsallakewa shi ne yana aikin wucin gadi na nuna wa 'yan kallo kujera a wani gidan wasan kwaikwayo a Seattle, abokiyar zamansa kuma na ɗauke da kaso mai tsoka na hidimar gida. Ko shi akwai abin da ke riƙe da shi. Kai naka shi ne albashin inshora, da maraicen da ba wanda ke ƙwace maka.

Kada dai ka ɗauka kasuwar na jiranka. Wasanni sama da 14,000 aka saki a Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, a 2023, mafi yawansu ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Za ka biya dala 100 kafin a ɗora naka, Valve, kamfanin da ke da Steam, ta yanki kashi 30 cikin ɗari na ciniki, wanda ya saya kuma yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 in bai yi awa biyu yana wasan ba.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ɗauko kwantiraginka ka karanta. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na mai aikin ne, wasu kamfanoni kuma kan faɗaɗa wannan a kwantiragi har ya shafi abin da ka yi a ɗakinka. Nemi izini a rubuce, kada ka taɓa kwamfutar ofis da wannan aiki.

Daga nan ka zaɓi ƙaramin abu, wanda za ka gama cikin wata shida, ka ɗora a shafin itch.io inda ba a biyan kuɗin ɗorawa. In kana son abokan aiki, akwai Global Game Jam duk watan Janairu, inda ake haɗa wasa cikin awa 48. Ku zauna da uwargida ku tsayar da dare biyu a mako da safiyar Asabar, don lokacin nata ne da na 'yarku za ka ɗiba. In wata shida ya cika ka gama wasan kuma har yanzu ranka na can, ga guzurin shekara guda a asusu ban da kuɗin da kake aika wa su Baba, sai ka sake rubuto mini mu duba tayin da ke ƙasa a lokacin.