Kafin ku kafa allo da sunansa, ku nemo littafinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan abokinku, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a hidimar unguwa, kuma kanku ya rabu: wasu na son a sa wa layi sunansa a kafa allo, wasu na son a riƙa taron tunawa duk shekara, kana tambayar wanne ya fi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin irin wannan rashi ya same mu a unguwarmu Mabera, cikin garin Sakkwato, shekara biyar ke nan, kuma sai da muka yi tuntuɓe kafin mu gane hanya.

Aminina ne tun muna makarantar allo. Tela ne, ba shi da muƙami, ko takarar kansila bai taɓa tsayawa ba. Amma in aka yi rasuwa da tsakar dare ƙofarsa ake fara bugawa, don shi ya san inda makara take, shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin diga da shebur, shi ya san samarin da za a tasa su tafi haƙa. Watan Mayu na kamawa, rana na dukan mutum zafi ya haura digiri 40, zai shiga gida gida yana kiran gayyar yashe magudanun ruwa kafin damina ta faɗi. In aka ce masa ai aikin hukuma ne, sai ya ce, "Wanga ruwa in ya taho, ba ofis za shi ba, ɗakinka za shi." A ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya ci gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi ƙauyukan bakin gulbin Rima, rufe shago ya yi ya koma tara gero da tabarmi da tufafi yana kai wa waɗanda suka rasa matsuguni. A 2017 da sanƙarau ya ɓarke, shi ke rarrashin iyaye su kai yara rigakafi, duk yaron da aka ce yana zazzaɓi wuyansa ya sanƙare kuwa, bisa babur ɗinsa ake kai shi asibiti. Yana da zafin rai, ba zan ɓoye ba. Ya ɓata da mutane da dama a kan zuba shara cikin kwalbati, wasu sun daina gaishe shi, kuma a ranar jana'izarsa su ne a sahun gaba suna share hawaye.

Bayan sadakar arba'in muka yi karo-karo muka haƙa rijiyar burtsatse mai sola, muka kafa allo da sunansa. Niyyar mai kyau ce, kuma limaminmu ya ƙarfafa mu da hadisin Muslim cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Shekara ba ta zagayo ba injin jan ruwan ya ƙone. Aka kira taro, aka sake kira, kowa na jiran wani ya fara bin gidaje karɓar kuɗin gyara. Mun manta cewa mai yin wannan yawon shi ne wanda sunansa ke jikin allon. Wata da watanni yara na wucewa ta gaban tankin da jarkoki, ana sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. A daminar nan kuma ba wanda ya kira gayya, ruwan Agusta ya shiga gidajen da ke gangare har katangar wata tsohuwa ta faɗi.

Abin da ya farkar da mu littafi ne. Bayan matarsa ta fita takaba, ta aiko ƙanenta da wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta ce ta ga sunayen mutane a ciki, ko amana ce. Mu uku muka zauna a zaure muka buɗe. Ga sunayen magidanta da abin da kowa ke bayarwa na 'yan sintiri. Ga lambobin samarin da ke ba da jini da rukunin jinin kowannensu. Ga gidajen zawarawa da marayu da yake kai wa hatsi da azumi, waɗanda ko mu aminansa ba mu san da su ba. A shafukan ƙarshe sai bashi: farin yadin likkafani da ya riƙa ɗauka a kasuwa don gawar da ba ta da gata, da magungunan da ya karɓo wa mutane a kyamis, duk a wuyansa. Muka bincika muka tarar 'ya'yansa biyu na zaune gida saboda kuɗin makaranta. Mun kashe dukiya a allo da fenti, shi kuwa yana kwance da bashin likkafanin wasu. Har yau in na tuna zaman nan ƙirjina nauyi yake yi.

Don haka amsata ita ce, ku ajiye gardamar allo da taro tukuna. Ku tura dattijo ko mace mai mutunci ta zauna da iyalinsa, a tambaya cikin sirri ko ya bar bashi, domin irin waɗannan mutane da aljihunsu suke cike giɓi ba sa faɗa wa kowa, kuma kun san hadisin da ya ce ran mumini na rataye da bashinsa har sai an biya masa. Ku duba makarantar yaransa da abincin gidansa, ba na wata ɗaya ba. Daga nan ku zauna ku lissafa ayyukan da yake yi ɗaya bayan ɗaya, kowane aiki a ɗora shi a kan mutum guda da sunansa a gaban mai unguwa. Kada ku ce kwamiti, mun gwada, kwamiti ba ya tashi da ƙarfe biyun dare. Mu da muka lissafa, sai da muka raba wa mutum bakwai abin da shi kaɗai yake yi. Ni mabuɗin ɗakin kayan makabarta aka ba ni.

In kuɗi ya ragu ku yi sadaka mai gudana, amma ku fara tanadin abin da zai riƙe ta. Mu daga baya mun sa ɗan abu kaɗan a kan kowace jarka, ana ajiyewa don gyara, marasa hali kuma suna ɗiba kyauta. Kuna iya neman shawarar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kan yadda ake rubuta waƙafi don kada magada ko 'yan unguwa su yi rigima a kai gaba. Taron shekara kuwa malamai sun saɓa a kansa, ku tambayi limaminku. Mu ba ma ɗaukar hayar kujeru da rumfa, gayyar Mayu muke fita, in an gama a ɗaga hannu a yi masa addu'a a bakin kwalbatin.

Ranar ta'aziyya liman ya ba mu labarin matar da ke sharar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta rasu aka rufe ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mun ji labarin a lokacin, amma ba mu tambayi kanmu wa zai ɗauki tsintsiyar ba.

Aiki ɗaya ya rage a littafin da har yau ba mu samu mai ɗauka ba: kwana jinya a asibiti tare da majinyacin da ba shi da kowa a gari. In a cikin ayyukan naku marigayin akwai irin wannan, shi za ku fara nemar wa mutum.