Lambar da kati ya ba ka ba volt ba ce

Yarona, na ga saƙonka bayan isha'i. Ka ce ka sa katin awo a tsohuwar kwamfutar shago, Linux ta gan shi a /dev/comedi0, ka rubuta ɗan shirinka na yaren C da comedilib, wato tarin umarnin da shiri ke magana da irin wannan kati da su, ka jona batirin tocila, sai allo ya nuna maka wajen 37,700 maimakon volt 1.5. Kana tambaya ko katin ya lalace.

Lafiyarsa ƙalau. Shi kati bai san volt ba, ƙirga kawai ya iya. Namu mai bit 16 ne, yana ƙirgawa daga 0 zuwa 65,535, kuma an saita shi a kan awon -10 zuwa +10, don haka sifirin volt yana tsakiya, wajen 32,768. Ɗauko biro. Haɗa 1.5 da 10, ka raba da 20, ka ninka da 65,535. Ka ga lambar da ta hana ka barci? Ɗanyen adadi umarnin karanta katin, comedi_data_read, ke miƙo maka. Sai ka nemi iyakar awon da comedi_get_range, ka nemi ƙarshen ƙirgar da comedi_get_maxdata, ka ba comedi_to_phys su biyun tare da ɗanyen adadin ta fito maka da volt. Kada ka rubuta 65,535 da hannu cikin shirin, don ranar da aka kawo kati mai bit 12, ƙirgarsa a 4,095 take tsayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne na san gobe batirin sola za ka nufa. Kul! Cikakken batiri mai volt 12 yana kai 12.6, ya haura 10, lambar za ta maƙale a 65,535. Ni kaina a wani aikin famfon rijiyar burtsatse a Daura na jona mai 24 kai tsaye saboda gaggawa, na dawo Katsina da layin shiga ɗaya na katin a mace. Har yau abin na cina. Ka jera resista biyu, wato 'yan kayan rage ƙarfin wuta, ɗaya bayan ɗaya tsakanin kawunan batirin biyu, mai ohm dubu 30 da mai ohm dubu 10, ka ɗauki awo a kan ƙaramar, kwatan volt ɗin batirin ke nan zai shiga katin, sai ka ninka da 4 a shiri.

Layin da ba a jona masa komai ba kuwa lambarsa rawa take yi, ba aljanu ba ne, haɗa shi da layin ƙasa na katin, wato GND, zai natsu.

Ka zo da wuri gobe in Allah ya kai mu. Resistocin na cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin benci, ka fara auna su da mita kafin in iso.