Ga ɗan'uwan da ke tambaya kan ginin gidan zamani da sola a Ajah

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da ɗan kwangila ya zana maka a filinka na Ajah da ke Legas, wato ɓoyayyen rufi, gilashi daga sama har ƙasa a gaban gida, sola, da kunna komai ta waya, shi aka zana mini a Ikorodu. Ka ce ko abin ya cancanci kuɗinsa. Sola kam ta cancanta, babu musu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, duk mai janareta da mai mita ya ji a jikinsa. Amma don Allah kada ka sa ko sisi a kan na'ura sai ka gama da rufi, iska da hanyar ruwa.

Nawa ɗan kwangilar, Allah ya isa tsakanina da shi. Mutum ne mai daɗin baki, ya zo da hotuna a kwamfuta, har gida yake zuwa ya durƙusa ya gaida Hajiyarmu. Ya ce rufin kwano mai fitowa waje na mutanen da ne. Ya ja bango ya ɓoye kwanon, ya yi kwatar kankare a bayansa, ya sa mata 'yan siraran bututai. Da damina ta kankama, wani dare aka kwana ana ruwa, ganye da leda suka toshe bututan, ruwa ya taru ya koma cikin silin. Ruwan ya bi bututun wayoyi har ƙarƙashin bene inda aka kafa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri ta zama wutar gida. Ƙara ɗaya muka ji, gida ya yi duhu. A daren nan numfashin Hajiya ya sarƙe, da ma tana da asma. Na ɗauke ta zuwa mota, na danna rimot, get ya ƙi motsi. Ashe bai sa wa injin get ɗin batirin ko-ta-kwana ba, makullin da ake kwance shi da hannu kuma bai taɓa ba ni ba. Ina tsaye cikin ruwa ina ta kiransa, yana kashe waya. Maƙwabta Yarabawa ne suka fito da guduma suka ɓalle injin. Allah ya ba ta lafiya, amma har yau in hadari ya haɗo da dare ba na iya barci. Da na same shi daga baya, ko kunya babu, ya ce wai ruwan Allah ne, shi me zai yi? Mutumin da ya ci tuwo a gidana! Kuɗin gyara ko kwabo bai bayar ba, kuma na ji yana can yana zana wa wasu irin wannan rufin.

To, in har ka nace kan ɓoyayyen rufi, a faɗaɗa kwatar, a ba ta gangare, a shimfiɗa mata abin hana yoyo, a bar mata kafar da ruwa zai zube waje in bututu ya toshe. Ni da zan zaɓa maka, kwano mai dogon baki zan ce, wanda zai kare bango daga ruwa ya kuma yi wa taga inuwa. Gilashin nan kuma ka duba ina ya fuskanta. In yamma ne, daga la'asar falonka ya zama tanda, esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi zai shanye batirin kafin isha. Iskar Legas galibi daga kudu maso yamma take busowa, daga teku. A sa tagogi masu kallon juna a kowane ɗaki, a ɗaga silin, fanka kaɗai za ta ishe ka kwanaki da yawa, kuma kayanka ba za su yi ta fumfuna a kabad ba.

Kada mai sola ya yi maka lissafin Kano. A Yuni da Yuli sai a wuni rana ba ta fito sosai ba, don haka a ƙara yawan farantin sola. Batirin litiyom ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Na ruwa kuwa in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, da wuri yake mutuwa. Ku na Ajah iskar gishiri na cin ƙarfe, ƙafafun farantin su zama na alminiyom. Inbata a ɗaga ta sama, a wuri mai iska. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa da na'urar kare tsawa, domin aradu ɗaya na iya ƙona komai.

Makunnin da ake sarrafawa ta waya, da yawansu na buƙatar wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin makunnin, ka faɗa wa mai wayarin tun kafin filasta. Kuma duk abin da ba ya buɗuwa ko kunnuwa da hannu in babu wuta ko intanet, kada ya shiga gidanka. Get, ƙofa, famfon bohol, duka. Makullin hannun nan ka karɓa ka gwada shi a gabansu.

Ba ka tambayi wannan ba, amma an gwada ƙasar filin kuwa? Yashi ne da fadama a yankinku, kada a haƙa harsashi da ka. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamban 2021 bai bar zukatanmu ba. A ɗaga daɓen gida sama da titi sosai, ka dai ga yadda ambaliyar Yulin 2024 ta yi da Lekki. Ka karɓi izinin gini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas. Kuɗin aiki kuma a rubuce, kashi-kashi, ka riƙe na ƙarshe har damina guda ta wuce a kan rufin. Allah ya sa ka shiga lafiya, ya haɗa ka da mai tsoron Allah.