Na buɗe Chrome a zaman baƙo da ƙofar 9222 amma ya ƙi ji, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina haɗa wa wata makaranta shafin duba sakamako ne, a Chrome ɗina komai lafiya lau amma a wajen wasu mutane shafin shiga sai yay ta juyawa baya wucewa. Shine nace bari in gwada a zaman baƙo tunda can babu kukis ɗina (ƙananan bayanan da shafuka suke ajiyewa a burauza) babu komai, kuma ina so in haɗa shi da VS Code, manhajar da nake rubuta kod da ita, ta ƙofar (port) 9222 in ga abin da ke faruwa. Na rubuta chrome.exe --guest --remote-debugging-port=9222, tagar baƙon ta buɗe amma localhost:9222 yaƙi amsawa sam. Windows nake amfani da ita. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Umarninka daidai ka rubuta shi, Chrome ɗin ne bai saurare ka ba, kuma zan iya cewa lokacin da ka danna Enter akwai wani Chrome ɗin da yake buɗe a kwamfutar ko da baka ganinsa.

Abin da yake rikita mutane shine suna ɗauka kowace taga Chrome ce mai zaman kanta. A'a. Uwa ɗaya ce take tashi da farko, ita ce take karanta duk filag ɗin da ka liƙa a bayan umarnin, irin su --guest ɗin nan, sauran tagogin duk 'ya'yanta ne har da ta baƙon. In uwar ta riga ta tashi ka sake kiran chrome.exe, sabon da ka kira sai ya leƙa yaga akwai mai riƙe da foldar da Chrome yake ajiye bayananka, sai ya miƙa mata saƙo yace wai a buɗe taga, shi kuma ya mutu nan take. Shi yasa ka samu tagar baƙo amma ƙofar 9222 bata buɗe ba, don ita ƙofar a lokacin tashi kawai ake buɗe ta. A Linux ma har rubuta maka yake a tamina cewa ya buɗe ne a cikin zaman da yake gudana, Windows ce take shiru ta barka kana ta zargin kanka.

Kafin ka taɓa komai, a cikin tagar baƙon rubuta chrome://version ka duba layin Command Line. Abin da ka gani a wannan layin shine abin da Chrome ya tashi da shi, abin da babu a ciki to bai shiga ba, ko sau nawa ka rubuta. Ni duk wanda ya kawo min irin wannan ƙorafin hoton wannan layin nake fara cewa ya turo min.

To ko ka rufe duk tagogin wani lokacin yana nan laɓe a ƙasa saboda saitin nan na ci gaba da aiki bayan an rufe, sai ka shiga Task Manager ka kashe shi ko kayi taskkill /F /IM chrome.exe. Amma kada ka wahalar da kanka da wannan, don akwai matsala ta biyu da take jiranka a gaba. Tun daga Chrome 136 da ya fito a 2025, Google sun hana --remote-debugging-port aiki in dai foldar bayananka ta asali kake kai. Dalilinsu ɓarayin kukis ne, bayan an ƙara tsaurara kulle kukis a Windows sai masu manhajar sata suka koma tayar da Chrome ɗin mutum da wannan ƙofar su kwashe komai ta nan, su shiga asusunsa ba tare da sun san faswod ba. Yawancin bayanan da zaka tarar a intanet an rubuta su ne kafin wannan canjin, shi yasa mutum zai bi su tiryan-tiryan kuma abu yaƙi.

Maganin duka biyun ɗaya ne, ka bashi wata folda daban:

"C:\Program Files\Google\Chrome\Application\chrome.exe" --user-data-dir=C:\gwaji --guest --remote-debugging-port=9222

Tunda foldar C:\gwaji babu mai riƙe da ita, sabuwar uwa ce zata tashi da filag ɗinka cif, Chrome ɗinka na kullum kuma yana gefe da tab ɗinsa hamsin ba abin da ya dame shi. In a PowerShell kake sai ka sa alamar & a farkon layin, in ba haka ba zai yi maka ja. Daga nan buɗe http://localhost:9222/json/version, in ka ga ya zubo maka rubutu da sunan burauzar da lambarta to ƙofa ta buɗe, sai ka sa VS Code yayi attach a 9222.

Wani abu da ya taɓa cinye min yamma guda, wallahi har yanzu in na tuna haushi nake ji. Na ajiye umarnin a Word, ashe ya mayar min da layukan nan biyu na farkon filag zuwa dogon layi ɗaya, a ido kusan iri ɗaya ne, na kwafo na liƙa, Chrome ya tashi abinsa bai ce uffan ba. Haka yake, filag ɗin da bai gane ba baya ƙorafi. Don haka ka rubuta da hannunka ko ka ajiye a Notepad. Sannan in a shotkot zaka sa, a akwatin Target, filag ɗin a wajen alamar zance yake zama bayan ka bar sarari, ba a cikinta ba.

Yanzu ga ra'ayina, kai ma ka duba. Tunda ka riga ka bashi sabuwar folda, --guest ɗin bashi da wani amfani sosai a aikinka, sabuwar folda ai fes take, babu kukis babu ekstenshin babu tarihi. Har ta fi, don zaman baƙo yana share komai da zarar ka rufe tagar, kai kuma matsalar shiga kake bi, ƙila kana so ka rufe ka sake buɗewa ka ga ko kukin ya zauna. In ka gama sai ka goge C:\gwaji. Ka bar --guest sai in masu ƙorafin da gaske a zaman baƙo suke shiga, irin na kafe ko ɗakin kwamfutar makaranta.

Kuma shafin da yake ta juyawa yawanci a hanyar sadarwa ake kama shi, ƙara --auto-open-devtools-for-tabs don DevTools, kayan binciken shafi na cikin Chrome, ya buɗe tun kafin shafin ya fara lodi, ka kunna Preserve log a Network ka ga wa yake tura ka ina. In kana son cikakken rahoto sa --log-net-log=C:\gwaji\net.json. Shi kuma --enable-logging --v=1 yana rubuta chrome_debug.log a cikin foldar bayanan, amma wannan surutun cikin Chrome ne, da wuya ya amfane ka a nan. Ni zargina yana kan kukin shiga, ka duba saitunan Secure da SameSite ɗinsa.

In duk kayi wannan kuma ƙofar taƙi, kuma laftof ɗin ta ofis ce, leƙa chrome://policy, mai kula da kwamfutocin yana iya kulle zaman baƙo ko wannan ƙofar gaba ɗaya, nan kuma sai dai ka je ka same shi.

Masu Chromebook naku daban ne, kar ku bi wannan. Can sai an shiga developer mode wanda yake share duk abin da ke cikin na'urar, a cire kullen rootfs wato fayilolin tsarin na'urar, a rubuta filag a /etc/chrome_dev.conf sannan sudo restart ui. Kuma da ka danna shiga a matsayin baƙo Chrome sake tashi yake da sabon layin umarni, yana tsince waɗanda zai tafi da su daga wani jeri da ke cikin chrome_restart_request.cc, don haka sai ka sake duba chrome://version bayan ka shiga.

Sai kuma dan Allah ɗan uwa kar ka bar 9222 a shotkot ɗin da kake shiga banki ko imel da shi. Ƙofar bata tambayar faswod, duk wata manhaja da ke kan kwamfutar zata iya shiga ta karanta tab ɗinka ta danna abin da taga dama. Gwada ka turo min hoton chrome://version in har yaƙi.